Ƙauyukan Turanci na Koriya ta Kudu: Asalinsu, yadda suke aiki da halin malaman da ke koyarwa a cikinsu

A garin Paju da ke arewa maso yammacin birnin Seoul, 'yar tazara kaɗan daga iyakar Koriya ta Arewa, akwai wani gari da aka gina shi da siffar garuruwan Ingila. Yana da zauren majalisar gari, da banki, da gidan waya, da ofishin 'yan sanda, da asibiti, da gidajen abinci, har da taragon da ke bin tsakiyar titi. A bakin ƙofarsa an kakkafa manyan duwatsu masu kwaikwayon Stonehenge, tsohon wurin tarihin nan na Birtaniya. Yaron da ya zo shiga sai ya tsaya a gaban teburin shige da fice, a yi masa tambayoyi da Turanci, a buga hatimi a wani ɗan fasfo na wasa, sannan a buɗe masa hanya.

Wannan shi ne mafi shahara a cikin wuraren da Koriyawa ke kira ƙauyukan Turanci. Gwamnatocin larduna da na birane ne suka gina su daga shekarar 2004, domin yaran ƙasar su ɗanɗani zaman ƙasar waje ba tare da sun tsallake teku ba. Sun ci maƙudan kuɗi, sun jawo dubban malamai daga ƙetare, sun kuma haifar da muhawarar da har yau ba ta mutu ba a kan ko ana iya sayen harshe da gini.

Ƙishirwar Turanci

Koriya ta Kudu ƙasa ce mai harshe ɗaya. Da Koriyanci ake karatu, da shi ake shari'a, da shi ake ciniki, kuma mutum zai iya rayuwa tun daga haihuwa har tsufa bai buƙaci wani harshe ba a harkokinsa na yau da kullum. Sai dai tattalin arzikin ƙasar ya dogara ne a kan sayar da kaya a kasuwannin duniya, kuma manyan kamfanoninta irin su Samsung da Hyundai da LG sun daɗe suna duba sakamakon jarrabawar Turanci kafin su ɗauki ma'aikaci ko su ƙara masa girma.

A tsakiyar shekarun 1990, gwamnatin Shugaba Kim Young-sam ta ɗauki manufar buɗe ƙasar ga duniya. A 1995 aka kafa shirin kawo malaman Turanci daga waje zuwa makarantun gwamnati, wanda daga baya aka san shi da EPIK. A 1997 kuma aka mai da Turanci darasin dole tun daga aji uku na firamare. Turanci na cikin manyan darussan Suneung, jarrabawar shiga jami'a da ake yi sau ɗaya a shekara a watan Nuwamba. Girman da ake ba wannan jarrabawa ya kai ga ana dakatar da tashi da saukar jiragen sama na kimanin rabin sa'a a duk faɗin ƙasar, a daidai lokacin da ɗalibai ke sauraren ɓangaren Turanci.

Iyaye sun shiga gasar da ba ta da iyaka. Makarantun kuɗi na bayan tashi daga makaranta, waɗanda ake kira hagwon, suka cika kowane lungu. A farkon shekarun 2000 jaridu sun ba da rahoton iyayen da ke kai ƙananan yara asibiti a yanke musu 'yar tantanin da ke ƙarƙashin harshe, bisa zaton hakan zai gyara musu lafazin Turanci.

Masu hali kuwa ba su tsaya nan ba. Sai uwa ta kwashi yara ta tafi Amurka ko Kanada ko Ostireliya ko New Zealand, uba ya zauna a gida shi kaɗai yana aiki yana aika kuɗi. Irin waɗannan magidanta ana kiransu gireogi appa, wato uba dinya, domin kamar dinyar daji mai ƙaura, sau ɗaya ko sau biyu a shekara suke tashi su je ganin iyalinsu. A shekarar 2006 yawan yaran firamare da sakandare da suka bar ƙasar domin karatu ya kai kusan 29,500, adadi mafi yawa da aka taɓa gani. Kuɗi na fita, gidaje na rabuwa, sannan ratar da ke tsakanin ɗan mai kuɗi da ɗan talaka na ƙara faɗi.

Yadda aka fara

Wanda ya mai da wannan damuwa ta zama aikin gwamnati shi ne Sohn Hak-kyu, gwamnan lardin Gyeonggi daga 2002 zuwa 2006. Gyeonggi shi ne lardin da ya kewaye Seoul, kuma ya fi kowane lardi yawan jama'a. Hujjar gwamnan mai sauƙi ce: tunda ba kowane uba ke iya tura ɗansa ƙasar waje ba, to a kawo ƙasar wajen gida, a kan kuɗin da ma'aikaci da ɗan kasuwa za su iya biya.

An buɗe ƙauye na farko a Ansan a watan Agusta na 2004. A ƙarshen wannan shekarar birnin Seoul, a ƙarƙashin magajin gari Lee Myung-bak wanda daga baya ya zama shugaban ƙasa, ya buɗe nasa a unguwar Pungnap. Na Paju, wanda ginin sa ya ci sama da won biliyan 80, ya fara aiki a watan Afrilu na 2006, sai na Yangpyeong ya biyo baya a 2008.

Daga nan abin ya zama yayi. 'Yan takarar gwamna da na magajin gari suka riƙa sanya ƙauyen Turanci cikin alƙawuran yaƙin neman zaɓe. Incheon ta buɗe nata a 2006. A 2007 aka buɗe na Daegu da Gyeongbuk a gundumar Chilgok, wanda kwalejin Yeungjin ke gudanarwa, inda aka girke jirgin sama na gaske domin yara su koyi yadda ake hawa jirgi da magana da ma'aikatansa. Busan ta bi sahu a 2009. Cikin 'yan shekaru, ƙauyukan sun haura ashirin, manya da ƙanana.

Rayuwa a cikin ƙauyen

Ginshiƙin tsarin shi ne zaman mako guda. Makaranta kan kwaso ɗalibanta, galibi 'yan manyan azuzuwan firamare ko ƙaramar sakandare, a kawo su ranar Litinin, su kwana a ɗakunan kwanan ɗalibai har ƙarshen mako. Akwai kuma ziyarar yini ɗaya, da shirin ƙarshen mako na iyali, da zaman makonni biyu zuwa huɗu a lokacin hutun bazara da na hunturu.

Ba a zaunar da yara a yi ta bitar nahawu kamar yadda suka saba a makaranta. Kowane ɗaki an shirya shi ne kamar wani wuri na rayuwar yau da kullum. A banki yaro zai cike takarda ya karɓi kuɗin wasa. A asibiti zai faɗa wa likita inda ke masa ciwo. A ofishin 'yan sanda zai ba da rahoton jakarsa da ta ɓata, a otal ya kama ɗaki, a kanti ya yi ciniki. Akwai darussan girki, da na kimiyya, da waƙa, da wasan kwaikwayo, da shirya labarai a ɗakin watsa shirye-shirye. Malami ɗaya zai iya zama jami'in shige da fice da safe, ya koma mai sayar da tikiti da rana, da yamma kuma ya jagoranci wasanni a fili.

Dokar wurin ita ce kada a yi magana sai da Turanci. Wanda ya yi ƙoƙari a ba shi hatimi ko kuɗin wasa, wanda ya saki baki da Koriyanci a rage masa maki. A aikace, da zarar malami ya juya baya, ko an koma ɗakin kwana da dare, harshen uwa kan dawo bakin yara, domin ɗaruruwan yara ne masu harshe ɗaya aka tara a wuri guda.

Masu kare tsarin na cewa ba a gina shi domin yaro ya ƙware cikin kwana biyar ba. Abin da ake nema shi ne a cire masa tsoro. Ɗalibin Koriya kan shafe shekaru yana haddar kalmomi da ƙa'idoji, amma idan ya haɗu da baƙo sai bakinsa ya mutu. Idan ya yi mako guda yana tambaya ana ba shi amsa, yana kuskure ba a yi masa dariya ba, zai koma aji da ƙarfin gwiwa.

Su wa ake ɗauka aikin koyarwa

Yawancin malaman ƙasashen waje da ke aiki a waɗannan wurare suna shiga ƙasar ne da bizar koyar da harshe mai suna E-2. Ga mai son koyar da Turanci, ƙa'idar ita ce ya kasance ɗan ɗaya daga cikin ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ireland, Ostireliya, New Zealand da Afirka ta Kudu. Dole ne kuma ya mallaki digirin farko daga jami'ar ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe, ko da ba a fannin koyarwa ya yi shi ba. An ɗan buɗe wa Indiyawa masu shaidar malanta ƙofa a makarantun gwamnati, bayan yarjejeniyar kasuwanci tsakanin ƙasashen biyu ta fara aiki a 2010.

Ma'anar wannan ita ce ɗan Najeriya ko ɗan Ghana ko ɗan Kenya, wanda ya yi karatunsa kaf da Turanci, ko da digirin Turancin ne da shi, ba ya cikin waɗanda ake ba wannan biza. Waɗanda ke da izinin zama ta wata hanya, kamar auren ɗan ƙasa ko zaman dindindin, hukuncinsu daban ne, domin aikinsu bai rataya a kan bizar E-2 ba. Don haka duk dillalin da ya yi wa mai fasfon Najeriya ko Nijar alƙawarin bizar koyar da Turanci a Koriya ta Kudu idan ya biya kuɗi, ya kamata a yi hattara da shi. Masana koyar da harshe da dama sun soki wannan ƙa'ida, suna cewa ta fifita launin fasfo a kan ƙwarewa.

Tun daga ƙarshen 2007 aka tsaurara sharuɗɗa, bayan an kama wani ɗan Kanada da ya taɓa koyarwa a ƙasar bisa laifin lalata da yara a kudu maso gabashin Asiya. Daga lokacin ake buƙatar takardar shaidar rashin aikata laifi daga ƙasar mai nema, da tantance sahihancin digirinsa, da gwajin lafiya da na miyagun ƙwayoyi bayan ya iso. An kuma riƙa tilasta wa malaman waje gwajin ƙwayar cutar HIV, abin da ba a yi wa takwarorinsu 'yan ƙasa. Wata malama 'yar New Zealand ta kai ƙara gaban kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da wariyar launin fata, wanda a 2015 ya ce an nuna mata bambanci. Gwamnati ta soke wannan gwaji a 2017.

Albashi da yanayin aiki

Kwantiragin da aka saba yi na shekara ɗaya ne. Albashin sabon malami ya daɗe yana kai-komo a tsakanin won miliyan 2 da miliyan 2 da rabi a wata, kuma bai motsa sosai ba cikin shekaru masu yawa duk da tsadar rayuwa. Abin da ke ƙara wa aikin armashi shi ne sauran alawus: masauki kyauta, kuɗin jirgi, inshorar lafiya ta ƙasa wadda ma'aikaci da mai aiki ke raba kuɗinta biyu, da kuma kuɗin sallama daidai da albashin wata guda ga duk wanda ya cika shekara, kamar yadda dokar ƙwadago ta tanada. 'Yan wasu ƙasashe, irin su Amurka da Kanada da Ostireliya, ana mayar musu da abin da suka zuba a asusun fansho idan za su bar ƙasar.

Aikin ƙauyen Turanci ya bambanta da na makarantar gwamnati da na hagwon ta fuskoki da dama. Na farko, ɗalibai ba sa daɗewa. Kowace Litinin sababbin fuskoki ne, kuma darasin da aka koyar a makon jiya shi za a maimaita a wannan makon. Wannan na rage wahalar shirya darasi da duba jarrabawa, amma malami ba ya ganin ci gaban yaro, kuma maimaicin kan gundure shi. Na biyu, aikin na buƙatar kuzari irin na ɗan wasa. A Paju har an riƙa ɗaukar mawaƙa da 'yan wasan kwaikwayo na musamman domin nishaɗantar da baƙi da Turanci. Na uku, malamai kan zauna ne a cikin harabar, tare da abokan aiki da yawa daga ƙasashe daban-daban. Sabon zuwa ba ya jin kaɗaici, sai dai da yake yawancin ƙauyukan a bayan gari suke, mutum kan iya shafe shekara bai san ainihin rayuwar Koriyawa ba. Aikin dare da na ƙarshen mako ma ba baƙon abu ba ne, musamman a lokutan hutu da yara ke cika wurin.

Babban abin da ke ɗaure malami shi ne bizarsa na rataye ne a wuyan wanda ya ɗauke shi aiki. Idan ya so sauya wurin aiki kafin kwantiragi ya ƙare, galibi sai ya samu takardar saki daga mai aikin. Koyarwa a gidajen mutane domin ƙarin kuɗi ba tare da izini ba laifi ne da kan jawo tara ko kora daga ƙasar. Saboda haka tsofaffin hannu kan shawarci mai neman aikin ya karanta kwantiragi da kyau, ya san sa'o'in aiki da ranakun hutu, ya kuma bincika ko gwamnati ce ke gudanar da wurin kai tsaye ko an miƙa shi ga kamfani.

Asara da suka

Ba a je ko'ina ba lissafi ya fara ƙin fita. An sanya kuɗin shiga ƙasa-ƙasa domin talaka ya samu, alhali kula da manyan gine-gine da biyan ɗaruruwan ma'aikata na cin kuɗi ba kaɗan ba. Ƙauyukan Gyeonggi sun riƙa tafka asarar biliyoyin won a kowace shekara, ana cike giɓin da kuɗin haraji. Kim Moon-soo, wanda ya gaji Sohn a 2006, bai ɓoye rashin gamsuwarsa da tsarin ba, kuma a zamaninsa aka miƙa Ansan da Yangpyeong ga 'yan kasuwa su gudanar. Da kuɗin shiga ya tashi, sai hujjar farko ta taimakon marasa hali ta raunana. An rufe na Ansan a 2012.

Ta fuskar ilimi ma an yi suka. Masanin koyon harshe ɗan Amurka, Stephen Krashen, na cikin waɗanda suka ce ƙauyukan sun yi tsada, ba su yi kama da rayuwar gaske ba, kuma babu hujjar bincike da ta nuna suna ƙara ƙwarewa. A ganinsa, da an zuba kuɗin a ɗakunan karatu da littattafai masu daɗin karantawa, da yara sun fi amfana. Iyaye kuma, waɗanda idonsu ke kan makin jarrabawa, sun ga cewa mako guda na wasa da girki ba ya ƙara maki, sai suka ci gaba da kai kuɗinsu hagwon.

Siyasa ma ta taka rawa. A farkon 2008 kwamitin karɓar mulki na Lee Myung-bak ya kawo shawarar a riƙa koyar da wasu darussa da Turanci zalla a makarantun gwamnati. Jama'a suka yi ca, aka janye maganar. Daga baya aka ƙara yawan malaman waje da ɗakunan Turanci a cikin makarantu, abin da ya rage buƙatar kwasar yara zuwa wani wuri mai nisa. Masu hannu da shuni kuwa aka buɗe musu wata ƙofar a tsibirin Jeju, inda daga 2011 rassan makarantun Birtaniya da Kanada da Amurka suka fara karɓar ɗalibai.

Inda aka kwana

Yau ƙauyen Paju ya sauya suna da manufa. Ya koma cibiyar ilimi ta lardin Gyeonggi, inda Turanci ya zama ɗaya daga cikin abubuwan da ake koyarwa, tare da fasahar kwamfuta da horon sana'o'in zamani. Titunansa masu kama da na Turai sun fi yin suna a matsayin wurin ɗaukar fina-finai da shirye-shiryen talabijin da bidiyon mawaƙa. Annobar korona ta 2020 ta dakatar da zaman kwana a ƙauyukan na tsawon lokaci, wasu ma ba su farfaɗo ba. Waɗanda suka rage, kamar na Chilgok, sun faɗaɗa kasuwarsu zuwa ga ɗaliban jami'a da ma'aikatan gwamnati da ɗalibai daga ƙasashe maƙwabta irin su Japan.

Akwai kuma matsalar da ta fi ƙarfin kowane gwamna, wato ƙarancin yara. A 2023 ma'aunin haihuwa a Koriya ta Kudu ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, mafi ƙanƙanta a duniya. Makarantu na rufewa a karkara, kuma kowace shekara adadin yaran da za a kai irin waɗannan wurare na raguwa. Duk da haka, a shekarun 2023 da 2024 kuɗin da iyaye suka kashe a karatun bayan makaranta bai ragu ba. Alƙaluman gwamnati sun nuna ya kai won tiriliyan 27.1 a 2023, ya haura tiriliyan 29 a 2024, kuma Turanci na sahun gaba a darussan da ke cinye kuɗin.

Tunanin gina wa harshe ƙauye bai tsaya a Koriya ba. Taiwan ta buɗe irin nata a Taoyuan, birnin Tokyo ya buɗe wata babbar cibiya mai wannan tsari a 2018. Najeriya ma ta riga Koriya gwada makamancinsa a matakin jami'a: a farkon shekarun 1990 gwamnatin tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry ta jihar Legas da Ƙauyen Larabci a Ngala ta jihar Borno, domin ɗaliban waɗannan harsuna su yi zaman ƙwarewa a gida, bayan tura su ƙasashen waje ya gagara saboda tsada. Rikicin Boko Haram ya tilasta wa na Ngala komawa Maiduguri.

Bambancin shi ne ɗalibin Badagry ko na Ngala watanni yake yi, kuma harshen shi ne fannin karatunsa, yayin da yaron Paju kwana biyar ko shida yake yi ya koma gida. Shekaru ashirin bayan buɗe ƙauyen Ansan, abin da Koriyawa suka gani shi ne gajeren zama na iya sa yaro ya daina fargabar buɗe baki a gaban baƙo, amma ƙwarewa na buƙatar malami mai horo, da littafi, da shekaru na yi da maimaitawa.